Zaɓen DCE zai gyara mana kwata? Amsa ga wani malamin makaranta daga Zangon Kumasi

"Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗan Zango ne a nan Kumasi, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Duk shekara idan damina ta kankama, kwatar da ta bi ta bayan gidanmu sai ta cika ta shigo mana har cikin ɗaki. Mun je wurin asambiliman ɗinmu, wato wakilinmu a asambili, majalisar gundumarmu, ya ce shi ba shi da kuɗi, mu tafi ofishin asambili. Can kuma suka ce suna jiran kuɗi daga Ankara, babban birnin ƙasarmu Gana. A bes ɗinmu, inda muke zaman hira, kullum gardamar ke nan idan an ɗora ataya: wasu na cewa da mu muke zaɓen DCE, wato shugaban gunduma, da hannunmu da tuni an gyara, wasu na cewa zaɓen ba zai ƙara mana komai ba sai rigimar jam'iyya. Na ji an ce ka daɗe kana aikin asambili, shi ya sa nake tambaya. Zaɓen DCE zai canza wani abu, ko kuwa duk kanwar ja ce?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya kuma tsare ku daga ɓarnar ruwa. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne, na yi fiye da shekara ashirin a ɓangaren tsare-tsare da kasafin kuɗi na asambili uku kafin in yi ritaya, biyu daga ciki a yankin Asanti. Ni ba lauya ba ne, kuma ban taɓa riƙe katin jam'iyya ba, saboda haka abin da zan faɗa maka na mutumin da ya zauna da takardu da lissafi ne, ya ga shugabanni sun zo sun tafi. Tambayarka kuwa biyu ce a haɗe. Akwai ko ya dace jama'a su zaɓi shugaban gundumarsu da kansu, akwai kuma ko wannan zaɓen zai kai ga a gyara kwatar bayan gidanku. Ta farko ina amsa ta da e, ba tare da wata-wata ba. Ta biyun ce take buƙatar mu zauna, domin yawancin masu gardama a bes suna ɗauka cewa amsar ta farko ita ce ta biyu, alhali ba a nan gizo yake saƙar ba.

Yadda aka gina tsarin

Tsarin asambili da muke gani yau ya girmi Jamhuriya ta Huɗu da muke ciki yanzu. Gwamnatin soja ta PNDC, ta Jerry Rawlings, ce ta kafa shi da doka mai lamba 207 a shekarar 1988, da gundumomi 110, sannan kundin tsarin mulki na 1992 ya ɗauke shi kusan yadda yake. Daga nan aka yi ta yanka gundumomi: suka zama 138 a 2004, 170 a 2008, 216 a 2012, har suka kai 261. A cikin wannan yankan ne aka cire Asokore Mampong daga Kumasi a 2012, ta tafi da Aboabo da Asawase, aka kuma fitar da Ayawaso ta Gabas da ta Arewa daga birnin Ankara a 2018, inda Nima da Mamobi suke. Dokar da ke tafiyar da su yanzu ita ce ta 2016 mai lamba 936.

A kowace asambili jama'a suna zaɓen wakili ɗaya daga kowace mazaɓa, shi ne asambiliman ɗinku, kuma doka ta hana shi tsayawa da tutar jam'iyya. Shugaban ƙasa yana naɗa wasu wakilan da ba za su wuce 30 cikin 100 ba, bayan ya tuntuɓi sarakuna da sauran masu ruwa da tsaki. Ɗan majalisar dokoki na yankin yana zama a ciki amma ba ya jefa ƙuri'a. Shugaban gunduma kuwa, wanda ake kira DCE, ko MCE idan gundumar birni ce, sashe na 243 ya ce shugaban ƙasa ne yake naɗa shi, da amincewar biyu bisa uku na wakilan da suka halarta suka kuma jefa ƙuri'a. Wannan sashen dai ya ba shugaban ƙasa ikon cire shi a duk lokacin da ya ga dama, ba sai ya faɗi dalili ba. Wakilai ma suna iya tsige shi, amma sai sun haɗa biyu bisa uku na dukkansu, kuma idan ka tuna cewa kusan kashi ɗaya bisa uku naɗaɗɗu ne, za ka gane dalilin da ya sa hakan ba ya cika faruwa.

Wanda DCE yake tsoro

A shekarun da na yi ina aiki na zauna ƙarƙashin shugabanni na manyan jam'iyyun nan biyu, NDC da NPP, wasu mutanen kirki ƙwarai, wasu kuma sai addu'a. Abu ɗaya da suka yi tarayya a kai shi ne dukkansu sun san daga inda wasiƙar sallamarsu za ta fito. Idan talakawa suka taru a ƙofar ofis suna ƙorafi, shugaba zai iya fita ta ƙofar baya, ko ya turo mu ma'aikata mu ba su haƙuri. Amma idan shugaban jam'iyya na mazaɓa ya buga waya, ko ministan yanki ya ce a zo, to ko taro ake yi sai an tashi. Ban taɓa ganin laifinsu sosai a kan wannan ba, domin duk wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na taɓa ganin an ɗauke kuɗin da muka ware wa wata makaranta mai ɗigar ruwa aka mayar kan gyaran filin da za a tarbi babban baƙo daga Ankara, kuma duk wanda yake ɗakin ya san abin da ake yi ba daidai ba ne, amma babu wanda kujerarsa ta dogara ga iyayen yaran makarantar.

Mu mutanen Kumasi mun fi kowa ganin inda wannan tsari yake karo da hankali. Mazaɓar Asawase tun da aka ƙirƙiro ta a 2004 NDC take zaɓa, alhali yankin Asanti gidan NPP ne. Idan NPP tana mulki, sai a naɗa wa mutanen da suka zaɓi NDC shugaba daga jam'iyyar da suka ƙi; idan NDC ta karɓa, sai sauran gundumomin Kumasi su sami kansu a irin wannan hali. Shugaban da ya zo ta wannan hanya yakan kwana da sanin cewa akasarin mutanen da yake mulka ba su so shi ba, kuma ba sa iya cire shi, kuma aikin da jam'iyya ta fi auna shi da shi shi ne ƙuri'u nawa ya ƙara mata. Sau da yawa ma idonsa yana kan kujerar ɗan majalisa, shi ya sa za ka ga DCE da ɗan majalisar yanki ɗaya ba sa ga maciji, ko da jam'iyyarsu ɗaya.

Ita kanta amincewar biyu bisa ukun, wadda aka sa domin ta zama birki, ta daɗe da zama kasuwa a wurare da dama. A 2021 duk ƙasar nan ta kalli bidiyon wani da wakilai suka ƙi amincewa da shi a wata gunduma ta yankin Asanti, yana neman a mayar masa da kuɗin da ya ce ya raba. Mu da muka yi aikin asambili ba mu yi mamakin abin ba, sai dai mamakin an faɗe shi a gaban kyamara.

Saboda haka masu cewa zaɓe zai canza wani abu suna da gaskiya. Zai juya fuskar shugaba daga Ankara zuwa unguwa, aƙalla sau ɗaya a shekara huɗu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya faru a 2019

Maganar ba sabuwa ba ce. Marigayi Shugaba Atta Mills ya kafa hukumar duba kundin tsarin mulki a 2010 ƙarƙashin Farfesa Albert Fiadjoe, ta miƙa rahotonta a ƙarshen 2011, gwamnati ta fitar da matsayinta a 2012. Abin da gwamnatin lokacin ta kawo kan wannan batu rabi da rabi ne: shugaban ƙasa ya ba da sunayen mutum biyar, a tantance su, uku su tsaya jama'a su zaɓi ɗaya. Ba a kai ga aiwatar da shi ba.

Shugaba Akufo-Addo ya zo da alkawarin zaɓe kai tsaye, amma ya ɗaura shi da sharaɗin jam'iyyu su shiga. A nan aka sami cikas, kuma yana da kyau ka fahimci dalilin, domin mutane da yawa har yau suna zaton ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya ta kan zaɓen DCE ce. Ba haka ba ne. Sashe na 243, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon naɗi, majalisar dokoki kaɗai tana iya gyara shi da biyu bisa uku na 'yan majalisa. Wanda yake buƙatar a tambayi jama'a shi ne sashe na 55, sakin layi na 3, wanda ya hana jam'iyyu tsayar da 'yan takara a zaɓen asambili, domin yana cikin sassan da aka ƙulle: sai 40 cikin 100 na masu rajista sun fito, kuma 75 cikin 100 na waɗanda suka fito sun amince. An sa ranar 17 ga Disamba 2019. Da lokaci ya matso, NDC ta ce a jefa a'a, shugabancin majalisar sarakuna ta ƙasa ma ya fitar da sanarwa a kan haka, duk da cewa wasu sarakunan sun ce ba da yawunsu ba. Ranar 1 ga Disamba shugaban ƙasa ya yi jawabi ya ce babu haɗin kai, ya soke ƙuri'ar, aka kuma janye ƙudurin gyaran sashe na 243 tare da ita. A ganina wannan janyewa ta biyu ita ce asarar, domin babu abin da ya hana a ba jama'a zaɓen ba tare da jam'iyya ba, a bar ɗaya maganar zuwa gaba. A farkon 2025 Shugaba Mahama ya kafa wani kwamitin duba kundin ƙarƙashin Farfesa Kwasi Prempeh, maganar ta sake dawowa bakin jama'a.

Zan faɗa maka wani abu da na lura da shi, ka ajiye. Kowace jam'iyya ta fi ƙaunar wannan gyara lokacin da take adawa. Kujeru 261 da shugaban ƙasa yake rabawa, ga naɗaɗɗun wakilai dubbai, babban rumbu ne na sallamar waɗanda suka yi wahalar kamfen, kuma ba kasafai mai mulki yake miƙa makullin rumbu da son ransa ba.

Inda kuɗin yake maƙalewa

Yanzu mu dawo kan amsar da aka ba ku a ofis, cewa ana jiran kuɗi daga Ankara. Mai yiwuwa an faɗa muku ne don ku tafi, amma mai yiwuwa kuma gaskiya ce tsantsa, domin ni kaina na faɗi wannan magana sau ba adadi ba tare da na yi ƙarya ba.

Sashe na 252 ya ce a ware aƙalla 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a zuba a asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda kowa ke kira Koman Fan, a riƙa biya duk wata uku. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, kason wata ukun farko yakan iso a tsakiyar shekara ko bayan haka, na ƙarshe kuma yakan tsallaka zuwa shekara mai zuwa, wani lokaci ya bi ruwa. Abin da ya fi jinkirin ciwo shi ne yankan da ake yi tun daga sama. Kafin kuɗin ya taɓa asusun gunduma an riga an cire na shirye-shiryen gwamnatin tsakiya, da na kwangilolin kwashe shara da feshin magani waɗanda aka ƙulla a Ankara da sunan gundumomi, da na kayan da aka saya mana ba mu nema ba. Na taɓa sa hannu na karɓi kaya cike da mota waɗanda babu su a cikin tsarinmu na shekara, aka cire kuɗinsu daga kasonmu, alhali a wannan watan muna neman abin da za mu biya mai gyaran famfon burtsatse. A 2017 an yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya ƙara rage kason, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2019 cewa ba a isa a rage wa gundumomi abin da kundin tsarin mulki ya ba su ba. A kasafin 2025 gwamnati ta yi alkawarin tura 80 cikin 100 na asusun kai tsaye ga gundumomi, kuma wannan alkawari shi kansa shaida ce kan yawan abin da ake riƙewa a da.

Ka yi tunanin DCE da kuka zaɓa da hannunku, ɗan unguwarku, wanda kuke sallah masallaci ɗaya da shi, ya zauna a wannan kujera yana jiran kason da bai san ranar zuwansa ba. Ka ƙara da cewa wataƙila jam'iyyar da yake goyon baya ba ita ke mulki a Ankara ba, kuma ministan kuɗi ne yake da ikon sakin kuɗin. Zai fi wanda aka naɗa ɗaga murya, wannan tabbas ne, kuma ɗaga murya tana da amfaninta, domin naɗaɗɗe ba ya iya fitowa rediyo ya ce gwamnatinsa ta hana shi kuɗi. Amma murya ba ta sayen siminti.

Saura kuɗin da gunduma take tarawa da kanta: tikitin kasuwa, kuɗin tasha, lasisin shaguna, izinin gini, harajin gidaje, da lampo, harajin kai wanda iyayenmu suka sani, wanda yau ya zama abin da bai kai kuɗin buga rasidinsa ba. Harajin gidaje shi ne ya kamata ya riƙe birni kamar Kumasi, amma gidaje da yawa ba a taɓa yi musu ƙima ba, waɗanda aka yi wa kuma an yi ne shekaru aru-aru da suka wuce. A 2023 an miƙa karɓarsa ga hukumar tara haraji ta ƙasa, gundumomi suka yi ta kuka, daga baya aka mayar musu. A nan akwai wata gaskiya da ba ta yi wa kowa daɗi, har da mu 'yan Zango. Kuɗin asambili ya fi fitowa daga hannun mai sayar da koko da waake a bakin titi, wadda ba ta iya guje wa mai tikiti, fiye da mai bene hawa uku da ya san wanda zai kira. Kuma ba ni da tabbacin cewa zaɓaɓɓen shugaba zai fi ƙarfin halin tunkarar masu benaye, tunda su ne za su ɗauki nauyin kamfen ɗinsa. Ga kuma tashoshin mota da bayan gida na haya, waɗanda duk lokacin da mulki ya canza hannu sai ka ji samarin jam'iyya sun je sun karɓe makullai, kuɗin da ya kamata ya shiga asusu ya koma aljihu.

Yawan yanka gundumomi ma ya ƙara dagula lissafin. Kowace sabuwar gunduma tana buƙatar ofis, da gidan shugaba, da motoci, da ma'aikata, kuma daga tukunya ɗaya ake ɗiba. Mutane suna murna idan aka ba su tasu, ni ma na yi murna da aka matso da ofis kusa da mutanenmu, amma ruwan sama bai san iyakar gunduma ba. Rafin Aboabo yana ratsa ƙasar asambili fiye da ɗaya, haka ruwan Nima yake gangarawa rafin Odaw, kuma wanda ya tuna daren 3 ga Yuni 2015 a dandalin Kwame Nkrumah da ke Ankara, inda ambaliya da gobara suka ci rayuka kusan 150, ya san cewa ba aikin shugaban gunduma ɗaya ba ne.

Kwatar wa ce?

Wannan ya kawo ni ga abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba. Abubuwa da yawa da kuke ɗora wa asambili ba a hannunta suke ba. Malamai irinka ba ma'aikatan DCE ba ne, na hukumar ilimi ta ƙasa ne, kuma ka fi ni sanin daga inda takardar canjin wurin aikinka take fitowa. Ma'aikatan asibiti ma haka. An yi ƙoƙari a 2009 da wata doka da ta mayar da sassa da dama ƙarƙashin asambili, aka kuma fara haɗaɗɗen kasafi a 2012, amma ilimi da lafiya, waɗanda su ne manya, sun ci gaba da amsa umarni daga sama. Ruwan famfo na kamfanin ruwa ne, wuta ta kamfanin lantarki na ECG ce. Hatta babban daraktan da ke shugabantar ma'aikatan asambili, da injiniya, da mu masu tsare-tsare, ba DCE ne yake ɗaukarmu ba, kuma ba shi yake yi mana ƙarin girma ba.

Kwata ma iri-iri ce. Ƙaramar kwatar lungu da yashe ta aikin asambili ne. Wadda ta bi gefen babban titin birni tana tafiya ne da aikin titin, ƙarƙashin sashen hanyoyin birane. Babbar magudana kuwa, irin wadda asalinta rafi ne, tana hannun hukumar kula da magudanan ruwa ta ƙasa, kuma kuɗin gina ta ya fi ƙarfin kason gunduma na shekara guda. Idan taku daga wannan rukuni na ƙarshe take, ko wa kuka zaɓa, iyakarsa ya rubuta wasiƙa ya bi sawu. Asambiliman ɗinku kuwa shi ne ya fi kowa ban tausayi a cikin wannan tsari, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A zamanin da nake aiki ba shi da albashi sai alawus ɗin zama da babur, ba shi da wani asusu a hannunsa, amma shi ake tasa da dare idan wani ya rasu ko an kama yaro.

Da jam'iyya ko babu

Abokan gardamarka masu tsoron rigimar jam'iyya ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Sai dai mu faɗi gaskiya, jam'iyya tana cikin asambili tun tuni, hula kawai ta cire. Kowa a unguwa ya san ɗan takarar da lemar NDC take bayansa da wanda giwar NPP take bayansa, kuma ranar zaɓen mai jagorantar zaman majalisa, wanda shi ma sai da biyu bisa uku, za ka ga an yi zagaye bayan zagaye ba a samu ba saboda kowane ɓangare ya ja daga. Masu son a buɗe ƙofa suna cewa gara a yi a fili, jam'iyya ta ɗauki alhakin wanda ta tsayar, kuma hakan zai rage cinye komai da wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa yake yi, tunda wanda ya faɗi zai riƙe wasu gundumomi. Suna ƙarawa da cewa mutane za su fi fitowa, domin zaɓen asambili a zagayen baya-bayan nan wajen mutum ɗaya cikin uku yake jawowa, alhali babban zaɓen 2020 ya jawo kusan 79 cikin 100.

Duk da haka ni na fi karkata ga a fara ba tare da tutar jam'iyya ba. Idan jam'iyya ce za ta tsayar, to a wuri kamar Asawase ko Bantama, inda kullum jam'iyya ɗaya take ci, an gama zaɓe tun ranar fidda gwani, kuma masu yanke hukunci su ne 'yan ɗaruruwan wakilan jam'iyya, waɗanda kowa ya san yadda ake neman yardarsu. Ka ga tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri: an karɓe naɗi daga hannun shugaban ƙasa an miƙa wa shugabannin jam'iyya na mazaɓa. Idan babu tuta, jam'iyyu za su shigo ta bayan gida, na sani, amma mutumin kirki da unguwa ta yarda da shi yana da 'yar ƙofar da zai bi. Kuma wannan hanyar ba ta buƙatar ƙuri'ar raba gardama.

'Yan'uwanmu na Najeriya sun riga mu ganin wannan. Ƙananan hukumomi 774 suke da su, kundinsu ya tanadi a zaɓi shugabanninsu, kuma da jam'iyya ake yi. Amma da yake kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma hukumar zaɓen jiha ce take shirya zaɓen, sai ya zama jam'iyyar gwamna takan lashe kusan komai, ciyaman kuma ya zama ɗan aiken gwamna, har sai da Kotun Ƙolinsu ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Kenya kuwa da ta tashi nata gyaran a kundin 2010, ta haɗa zaɓen gwamnonin gundumomi 47 da tabbacin aƙalla 15 cikin 100 na kuɗin shiga, ta kuma miƙa musu ayyuka irin su kiwon lafiya. Su ma suna da nasu kukan, amma sun miƙa kujera da jaka tare.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu musamman, wanda ban cika jin ana tattauna shi a Zango ba. A gundumomin da muke da yawa zaɓe zai amfane mu. Amma Zango yana ko'ina a ƙasar nan, kuma a yawancin garuruwa mu 'yan tsiraru ne da ake kallo a matsayin baƙi ko da kakanninmu a nan aka binne su. A irin waɗannan wurare ta hanyar naɗi ne ɗan Zango, ko mace, yakan sami kujera a asambili. Saboda haka idan ana maganar soke kason 30 cikin 100, ni ina ganin gara a gyara shi: a karɓe shi daga hannun jam'iyya mai mulki, a rubuta a doka wa za a ba, mata da naƙasassu da al'ummomin da ƙuri'a ba za ta taɓa kai su ba. Mun ga abin da ke faruwa da tanadin da ya dogara ga ra'ayin mai mulki: an kafa ma'aikatar raya Zango da asusunta a 2017, a 2021 aka rushe ma'aikatar, asusun ya koma ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa. Iyakar sanina dai kudanci ne da tsakiyar ƙasa, kuma wanda ya yi aiki a wuraren da rikicin sarauta ko na ƙabila yake da zafi zai iya kawo maka dalilan tsoron zaɓe waɗanda suka fi nawa nauyi.

Game da kwatarku, kada ku jira a gyara kundin tsarin mulki. Ku fara da zuwa wurin injiniyan asambili, ba wurin DCE ba, ku tambaye shi wane rukuni take ciki kuma wa ke da alhakinta. Idan ta asambili ce, abin da za ku nema shi ne ta shiga tsarin ayyuka na shekara, domin aikin da ba ya cikin tsari ba a iya biyansa bisa doka ko da kuɗi ya zo. A lokacin da nake aiki, tsakanin Agusta da Oktoba ake haɗa kasafin shekara mai zuwa, kuma wanda ya kawo kuka a watan Yuni ruwa na cikin ɗakinsa ya riga ya makara wa wannan shekarar. Ku rubuta takarda da sa hannun masu gidaje, da na limamin unguwa da sarkin Zango idan ya samu, ku haɗa da hotuna, asambiliman ya gabatar da ita a kwamitin ayyuka, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba ku damar neman a nuna muku kasafin da abin da ya shigo daga Koman Fan a kowane wata uku, kuma kai da kake malami za ka iya karanta shi ka bayyana wa 'yan bes. Idan kuma injiniya ya ce babbar magudana ce, to takardar ta tafi wurin ɗan majalisarku, domin shi ne yake zama inda ake raba kuɗin ma'aikatar ayyuka da gidaje, kuma shi kuna da ƙuri'a a kansa tun yanzu.